Yoyon Baƙin Mai Daga Murfin Injin A-kori-kura

Yawancin ƙungiyoyin manoma na ekklisiyoyinmu mota ɗaya ce gare su, a-kori-kura tsohuwa wadda aka saya da kuɗin karo-karo. Ita take kawo taki kafin ruwa ya sauka, ita take kai masara da doya da dankali kasuwa da kaka, in kuwa naƙuda ta kama wata da tsakar dare, ita ce motar asibiti. Da yawa daga cikinsu Peugeot ne, watau Fijo, 404 ko 504, waɗansu kuwa Toyota Hilux. An soma harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, aka ci gaba da yin 504 a can har 2006, saboda haka ko autarsu ma ta manyanta yanzu. Tsohuwar mota kuwa kamar tsohuwar jinka take, ba ta rasa inda take yoyo.

Yoyon da na fi gani cikin zagayen da nake yi a ƙauyuka shi ne na murfin inji. Ana ɗaga bonet sai a ga gefen inji baƙi ƙirin, mai da ƙura sun haɗu sun zama kamar kwalta, ga ƙauri yana tashi in injin ya ɗauki zafi. In aka tambayi direba sai ya ce, “Ai ba kome, muna ƙara mata mai.” In an matsa masa, sai ya ɗauko sifana ya ƙara ɗaure notocin murfin iya ƙarfinsa, ko kuwa ya sayo gam ya shafe bakin murfin daga waje. Dabarun nan biyu su suke mai da ƙaramin yoyo ya zama babba. Gyaran da yake riƙewa ba shi da wuya, ba ya kuma cin kuɗi da yawa. Mutum biyu masu natsuwa suna iya gama shi da safe kafin rana ta take. Abin da yake bukata shi ne tsabta, da murfi miƙaƙƙe, da hannu marar nauyi.

Abin da murfin yake rufewa

A can saman inji akwai bawul-bawul, waɗanda suke buɗewa su shigar da fetur da iska, su kuma fitar da hayaƙi. Waɗansu 'yan hannuwan ƙarfe ne suke danna su, sau dubu ko fiye cikin minti ɗaya sa'ad da mota take gudu. Famfon mai yana turo baƙin mai can sama domin ya jiƙa su, man ya fantsama ko'ina, sa'an nan ya gangara ta waɗansu ramuka ya koma tukunyarsa a ƙarƙashin inji. Murfin shi yake tare man, yana kuma hana ƙura shiga. Tsakanin murfin da kan inji, wanda makanikai suke kira silinda, akwai wani siririn abu mai laushi da ya kewaye bakin duka. Shi ne gasket. Wani na roba ne, wani kuwa na ɓawon wani itace mai laushi, irin wanda ake yin matoshin kwalba da shi.

Ƙarfe biyu ba su haɗa baki ƙam, ko da an goge su yaya. Gasket shi yake lotsawa kaɗan ya cika 'yan gurabun da suke tsakani. Amma kowace rana inji yana zafi yana sanyi, yana zafi yana sanyi. A kwana a tashi laushin nan ya tafi, gasket ya bushe ya yi tauri kamar tsohuwar fata, ya tsattsage, mai ya sami hanya.

Ga abin da ya kamata kowane direba ya riƙe. Man da yake ƙarƙashin murfin nan fantsama kawai yake yi, ba ya cikin matsi irin na ruwan famfo. Shi ya sa masu ƙera mota suka sa wa murfin ƙananan notoci, ba irin na ƙafar mota ba. Riƙo kaɗan ya ishe shi, muddin gasket yana da laushi, bakin murfin kuma a miƙe yake. Idan gasket ya riga ya bushe, ko ƙato goma suka taru suka ɗaure, laushin ba zai komo ba. Murfin ne kawai zai lanƙwashe.

Masu Fijo suna da ƙarin dalilin kula. Injin 404 da 504 ba a tsaye sak yake ba, an kishingiɗar da shi wajen hannun dama in kana zaune cikin mota. Saboda haka man da yake cikin murfin yakan taru a gefen da yake ƙasa, ya kwanta a kan gasket. A gefen nan kuwa bututun hayaƙi yake fitowa daga inji kafin ya haɗu da salansa, shi ne kuma wuri mafi zafi a ƙarƙashin bonet. Ƙaurin da ake ji, man ne yake ɗiga a kansa yana ƙonewa.

Asarar da ba a gani

Bari mu yi lissafi. A ce mota tana zubar da rabin lita a mako, wanda direba ba zai ɗauke shi a bakin kome ba. Cikin mako 52 ya zama lita 26. Injin 504 kuwa wajen lita 4 yake ci in an yi masa juye. Watau man da ya isa a juye sau 6, har da saura, ya tafi a ƙasa. Ma'aji ya duba abin da ake sayar da galan a kasuwarku, ya buga lissafin da kansa, sa'an nan ya gwada da kuɗin gasket guda.

Wannan ma ita ce ƙaramar asarar. Baƙin mai yana cin roba. Tiyon lagireto da ya jima yana jiƙa da mai yakan kumbura ya yi laushi, wata rana ya fashe a kan hanya. Haka wayoyin fulogi, haka robar da inji yake zaune a kai. Fambel in ya sha mai sai ya riƙa santsi, batir ya ƙi cika, inji ya riƙa zafi. A injin Fijo fulogi suna can cikin waɗansu bututu da suka ratsa ta murfin, kowane bututu da 'yar robarsa. In robar ta mutu, mai yakan jiƙa wajen fulogi da wayarsa, mota ta riƙa shaƙewa tana tsallen wuta, a yi ta sayen sababbin fulogi a banza.

Sai maganar gobara. Da kaka motocinmu suna shiga gona, suna ratsa busasshiyar ciyawa, suna tsayawa a masussuka. Ƙaiƙayi da ganye suna maƙalewa a jikin inji mai danƙon mai, kusa da bututun hayaƙi. Ba sai an yi wa manomi bayanin abin da yake faruwa in wuta ta sami ƙaiƙayi mai maiƙo da iskar hunturu ba.

Mafi muni duka shi ne ranar da aka manta ba a ƙara man ba. Direba ya yi rashin lafiya, wani ya karɓi makulli, ba a gaya masa halin motar ba, ya ɗauki kaya ya kama hanya mai nisa. Inji in ya rasa mai ba ya daɗewa sai ya buga. Daga nan kuwa sai sauke inji, da wankin karanshaf, da sayen metal, mota ta kwana a gareji mako da makonni, amfanin gonar 'yan ƙungiya yana jibge yana jiran motar haya.

A tabbatar daga ina yake fitowa

Kada a sayi kome tukuna. Mai yana gangarowa ƙasa, iskar fanka kuma tana kora shi baya, don haka inda yake ɗiga a ƙasa ba lalle ne nan yake fitowa ba. Sai inji ya huce sarai. A sami kananzir da tsohon buroshi da tsummoki, a wanke gefen injin tun daga sama har ƙasa, a goge ya bushe. Kada a yi wankin nan da fetur, kada kuma mai shan taba ya matso. Bayan ya bushe a barbaɗa hoda, ko toka mai laushi da aka tankaɗe, a kewayen bakin murfin da gefen injin. A tashi mota a yi tafiyar minti 15 ko 20, a komo a duba da tocila. Man zai zana hanyarsa a cikin hodar. A bi sawun zuwa sama. Wurin da ya fi kowanne tsayi da aka iske a jiƙe, nan ne bakin yoyon.

In sawun ya kai ka bakin murfi, to, gyaran da muke magana a kai ke nan. In kuwa bakin murfi a bushe yake, sai a duba waɗansu wurare: filtar mai, da 'yar na'urar da take kunna jar fitilar mai, da gindin distirbuta, da bayan fulin da yake gaban inji. Kowannensu gyaransa dabam.

Kada kuma a rikita gasket na murfi da gasket na silinda, gama sunan ne kawai ya yi kama. Na silinda yana ƙasa, tsakanin kan inji da gangar jikinsa, shi yake tare wuta da ruwa da mai gaba ɗaya. In mai ya koma kalar shayi mai madara, ko ruwan lagireto yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, ko farin hayaƙi yana fita salansa ba ya tsayawa, ko inji yana yawan zafi, wannan babban aiki ne, a kai wa makanike. Na faɗi haka domin kwamiti ya san bambancin, kada a kawo masa takardar kuɗin babban aiki alhali ƙaramin aka yi.

Inji ma yana numfashi

Akwai wani abu da ake yawan tsallakewa, shi ne kuwa yakan sa sabon gasket ya soma yoyo bayan 'yan makonni. Kowane inji, ko sabo ne, ɗan hayaƙi yana kuɓucewa ta gefen fistin ya shiga cikin cikinsa. Tsohon inji wanda ringinsa suka ci, nasa ya fi yawa. Masu ƙera mota sun yi wa hayaƙin nan hanyar fita, wani tiyo da yake tashi daga wajen bakin zuba mai ko daga murfin, ya nufi tukunyar tace iska ko wajen kafireto. A waɗansu motoci akwai 'yar ragar waya a hanyar, a waɗansu kuwa ɗan ƙaramin bawul.

Hanyoyinmu na ƙura ne. Ƙura da tururin mai in sun haɗu sai su zama laka, su toshe tiyon. Wani lokaci ma tiyon ya tsage, wani mai dabara ya cire shi ya cusa ƙusa ko ɗan itace a ramin. To, hayaƙin ina zai bi? Kamar tukunyar da aka danne murfinta tana tafasa, sai ya nemi wuri mafi rauni ya turo mai ta nan. A cire tiyon a hura a gani ko iska tana wucewa. A wanke shi da ragarsa da kananzir, a bar su su bushe. In ya tsage a sa wani irinsa mai jure mai. Ɗan bawul ɗin kuwa, in an girgiza shi ya kamata a ji yana ƙwal-ƙwal. In shiru, ya daskare, sai a wanke ko a sake.

Aikin kansa

A tanadi sabon gasket, da robobin notoci, da robobin bututun fulogi in Fijo ce. Gara a tafi kasuwar kayan mota da lambar injin a rubuce, a kuma gwada sabon a bakin murfin kafin a yar da tsohon. A lanƙwasa shi kaɗan a shago. In ya yi tauri ko ya soma tsagewa, ya tsufa a kan kanta, a nemi wani. Gasket na ɓawo in ya daɗe a ajiye yakan ɗan tsuke. In aka jiƙa shi cikin ruwan ɗumi na 'yan mintoci yakan komo daidai, sai a goge shi ya bushe kafin a sa.

Waɗansu suna yanka gasket daga tsohon tyub na taya ko kwali. Robar tyub ba ta shiri da baƙin mai, kumbura take yi ta narke. Kwali kuwa jiƙewa yake yi. In dole ta kama a daji, a yi domin a isa gida, amma kada a kira shi gyara.

A yi aikin da safe, inji da sanyinsa, a inuwa, inda iska ba ta kwaso ƙura. A cire wayar batir ta baƙi. Kafin a cire wayoyin fulogi a yi musu shaida: a ɗaura wa ta gaba zare mai ƙulli ɗaya, ta biyu ƙulli biyu, haka har ta huɗu. In suka rikice mota ba za ta tashi ba, ko kuwa ta riƙa harbi. A kawar da tiyo da waya da duk abin da ya ratsa ta kan murfin. A share ƙurar da take kewaye tukuna, domin kada ta zuba ciki in an ɗaga. Notoci da washa a zuba su cikin kwano ɗaya.

Murfin yakan manne. A bubbuga gefensa da tafin hannu ko da guntun katako har ya saki. Kada a cusa sukudireba tsakani a banƙare. Kan injin Fijo na alminiyam ne, ƙarfe mai laushi, ƙarzuwa ɗaya mai zurfi ta isa ta zama hanyar mai har abada. Da an ɗaga murfin, sai a shimfiɗa tsumma mai tsabta a kan bawul-bawul ɗin, gama in ɗan noti ya faɗa ramin da mai yake komawa, aikin safe ya zama na kwana uku.

Yanzu sai kankara, nan ne kuwa rabin aikin yake. A cire tsohon gasket duka, da tsohon gam, daga murfin da kuma kan injin. A yi amfani da guntun roba mai tauri ko katako da aka fiƙe bakinsa. In ya zama dole a sa reza, a kwantar da ita, a bi a hankali. A riƙa turo dattin waje, ba cikin inji ba. A wanke murfin ciki da waje da kananzir. Daga ƙarshe a goge bakin biyu da tsumma mai tsabta har in an shafa farin ƙyalle ba ya ɗaukar baƙi. Su bushe ƙarau, ba maiƙo ko kaɗan.

Sa'an nan a duba ko murfin a miƙe yake. A kife shi a kan gilashi mai kauri ko wani abu mai baje sosai, a duba ko yana rawa, ko haske yana wucewa ta ƙarƙashi. Ko kuwa a aza rular ƙarfe a bakinsa. Murfin da aka yi da fallen ƙarfe, wanda notocinsa suke bin gefe, za a iske wajen kowane rami ya lotsa ƙasa saboda ɗaurin da aka sha yi masa. Wurin da ya lotsa shi yake fara taɓa gasket ya yanke shi, tsakanin noti da noti kuwa ba abin da yake dannawa, ta nan man yake bi. A aza bakin a kan katako mai tauri, a bubbuga da ƙaramar guduma daga ciki har ya komo daidai. Murfin da notocinsa suke ratsawa ta sama, yawan ɗauri yakan dusa tsakiyarsa ya buɗe gefensa, shi ma a daidaita shi a hankali. Amma murfin alminiyam, irin na injin 22R da yake cikin waɗansu tsofaffin Hilux, ba a buga shi, tsagewa yake yi. In ya karkace ko ya tsage sai a nemi wani a wajen masu kayan gwanjo.

Tun da murfin a buɗe yake, injin kuma da sanyi, lokaci ne mai kyau na yin saitin bawul in akwai wanda ya iya, yana kuma da fila-geji. A injin fetur na 504 ana barin milimita 0.10 a bawul na shiga, 0.25 a na fita. Wanda bai iya ba ya bar su yadda suke.

Maganar gam

Gam yana da amfaninsa, amma ɗan kaɗan ne. Gasket na roba a bushe ake sa shi. Na ɓawo ana iya ɗiga masa gam a wuri huɗu ko biyar ta gefen murfin, domin ya riƙe shi kada ya zame sa'ad da ake kifawa. Inda ake bukatar gam sosai shi ne inda ƙarfe biyu suka haɗu a ƙarƙashin gasket, ko inda bakin ya yi kwana mai kaifi. A injin 22R akwai waɗansu robobi masu siffar rabin wata a gaba da baya. A sake su in sun bushe, a ɗiga gam kamar ƙwayar dawa a kowace kusurwa inda suka haɗu da gasket. Ya isa.

Abin da yake faruwa in an cika gam, shi ne in an ɗaure sai ya tsattsafo ta waje da ta ciki. Na waje ana ganinsa, a goge. Na ciki ba mai ganinsa. Yana bushewa ya zama kamar tsutsa, zafi da mai su ɓalle shi, ya bi mai ya gangara tukunya. A can kuwa akwai rariya a bakin famfon mai. In tsutsotsin gam suka taru suka toshe ta, famfo ba zai ja mai yadda ya kamata ba, inji ya buga alhali geji yana nuna mai a cike. Banda haka, ɗanyen gam santsi gare shi, gasket na roba yakan sulɓe a kansa ya fita daga mazauninsa sa'ad da ake ɗaurewa.

A kuma lura da irin gam ɗin. Wanda ake manna gilashin taga da shi ba na inji ba ne. A sayi wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana jure zafi da baƙin mai, a karanta tsawon lokacin da yake bukata kafin ya bushe. Da yawa suna son kwana guda. In haka ne, a bar mota ta kwana, kada a tashe ta da yamma domin wani yana sauri.

Shafa gam daga waje a kan tsohon gasket kuwa, ɓarnar kuɗi ce. Gam ba ya kama wuri mai maiƙo.

Ɗaurewa

A zaunar da gasket a bakin murfin, a bi shi da yatsa a tabbatar ya shiga ko'ina. A cire tsumman da aka rufe bawul da shi, a ƙirga kayan aiki. A sauke murfin a miƙe, kada a ja shi gefe. A leƙa kewaye da tocila, musamman ta baya wajen da ido ba ya kaiwa, da gefen ƙasa na injin Fijo, a ga ko gasket bai leƙo ba, ko wata waya ba ta shiga ƙarƙashi ba.

A sa notoci duka da yatsu tukuna, kowanne da robarsa da washarsa, har su zauna. Notin da ya ƙi shiga da yatsu, ya hau zare a karkace, a komo da shi a sake. Sa'an nan a ɗauki ƙaramar sifana, a riƙe ta kusa da kai da yatsu uku. A soma daga tsakiya, a ƙetara zuwa na ɗaya gefen, a riƙa fita zuwa gaba da baya. Kada a gama da noti ɗaya gaba ɗaya. A zagaya sau biyu ko uku, kowane zagaye a ƙara kaɗan. Da an ji notin ya tsaya, an kuma ga robar ƙarƙashinsa ta soma lotsawa, a dakata. In aka ga gasket yana kumburowa waje, an riga an wuce. Kada a ƙara wa sifana bututu. Ƙaramin noti yana karyewa da sauƙi, zaren alminiyam kuma yana cinyewa, fitar da karyayyen noti daga kan inji kuwa sai an kai gari.

A ra'ayina, aikin nan a ba mutumin da ya fi kowa haƙuri a ƙungiya, ko da bai taɓa tuƙi ba. Wanda ya iya gyaran keken ɗinki ko injin ban ruwa ya fi dacewa da shi bisa ga saurayin da yake ji da ƙarfi.

A mayar da wayoyi bisa ga ƙullinsu, da tiyon numfashi, da wayar batir. A duba mai a geji, a cika in ya ragu, amma kada ya wuce layin sama, gama man da ya yi yawa shi ma yoyo yake jawowa. A tashi inji a bar shi ya yi zafi a tsaye, ana dubawa. Zai yi ɗan hayaƙi da fari, tsohon man da ya rage a kan bututu ne yake ƙonewa, zai daina. A sake barbaɗa hoda, a yi tafiya, a duba. Bayan mako ɗaya, da safe inji da sanyi, a sake taɓa notocin, gama gasket na ɓawo yakan ƙara kwanciya. Juyi kaɗan kawai, in ma ana bukata.

Tsummokin da suka sha mai da kananzir ɗin wanki kada a zubar kusa da rijiya ko a lambu. Kada kuma a shafa wa dabba tsohon baƙin mai a miki kamar yadda waɗansu suke yi, gama akwai dafi a cikinsa.

Abin da ya rage ga kwamiti

Motar da take ta kowa, sau da yawa ba mai duba gejinta. Ku sayi ɗan littafi ku ajiye cikin motar. Kowace safiya kafin a tashe ta, a wuri mai baje, direba ya zare geji ya goge ya mayar ya sake zarewa. Duk ran da aka ƙara mai a rubuta kwanan wata da yawansa. A rubuta ranar da aka sa sabon gasket da wanda ya sa. Ma'aji ya duba littafin a kowane taron wata. A yi gyaran nan kafin kaka, lokacin da mota za ta iya kwana ɗaya ba ta fita ba.

Littafin zai nuna muku wani abu kuma. In an sa gasket daidai, gefen inji ya bushe, amma har yanzu ana ƙara mai kamar dā, to, injin ƙona man yake yi. A sa wani ya tsaya a baya sa'ad da aka taka totur, ya duba ko shuɗin hayaƙi yana fita. A buɗe bakin zuba mai inji yana aiki a tsaye, a ga ko yana huro hayaƙi da ƙarfi. In haka ne ringi sun ci, sabon gasket ɗin ma ba zai daɗe ba. Sai kwamiti ya kira makanike ya auna ƙarfin injin ya faɗi kuɗin aikin, a soma ware wani abu daga kuɗin dakon bana, a sa ranar sauke injin da rani bayan an gama kwashe amfanin gona.